Gyaran tsohuwar kalkuleta ta aljihu

Gyaran tsohuwar kalkuleta ta aljihu shi ne aikin dubawa da tsabtacewa da kuma tayar da ƙananan na'urorin lissafi na lantarki waɗanda aka ƙera daga farkon shekarun 1970 zuwa gaba, bayan sun daɗe a ajiye ba a amfani da su. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori suna shigowa hannun mutum ne ta hanyar gado, daga uba ko kaka wanda ya yi aikin injiniya ko safiyo ko koyarwa. Saboda haka aikin yana da manufa biyu: a sa na'urar ta sake yin lissafi, a kuma bar ta da kamanninta na asali da alamun mai ita na farko. Yawancin ɓarnar da ake samu a cikinsu daga tsohon batir take fitowa, sai kuma wadda gaggawar mai gyara ke jawowa. Wannan maƙala ta ɗauki HP-35 ta kamfanin Hewlett-Packard a matsayin misali, domin tana daga cikin waɗanda aka fi gyarawa, kuma an san yadda aka gina ta dalla-dalla.

Tarihi

Kafin shekarun 1970 injiniyoyi da ɗaliban kimiyya suna yin lissafinsu ne da rular lissafi mai zamiya da kuma littattafan jadawalin logaridim. Kalkuletar lantarki a lokacin ta kan tebur ce, mai nauyi da tsada. A shekarar 1967 wasu injiniyoyin kamfanin Texas Instruments a Amurka, ciki har da Jack Kilby, suka ƙera samfurin gwaji na kalkuleta da za a iya riƙewa a hannu. A 1971 kamfanin Busicom na Japan ya fitar da LE-120A, wadda take shiga aljihu, kamfanin Bowmar na Amurka kuma ya fitar da 901B a kan dala 240. A 1972 Sinclair Executive ta fito a Ingila, Casio Mini kuma ta fito a Japan. Waɗannan duka lissafi huɗu na asali suke yi, wato tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa.

HP-35 ta fito a farkon shekarar 1972 a kan dala 395. Ita ce kalkuletar kimiyya ta farko da ke shiga aljihu, domin tana lissafin logaridim da na kusurwoyi. William Hewlett, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin, shi ne ya buƙaci a ƙanƙantar da aikin HP 9100A, kalkuletar tebur ta 1968, har ya shiga aljihun riga. David Cochran ne ya tsara hanyoyin lissafin da ke cikinta. An ba ta wannan suna ne saboda maɓallanta 35. An sayar da kusan guda 100,000 a shekarar farko, kuma sama da 300,000 kafin a daina ƙera ta a 1975. 'Yan sama jannatin Amurka sun yi amfani da ita a tashar Skylab a 1973 da 1974. Zuwan ta da na waɗanda suka biyo ta, kamar SR-50 ta Texas Instruments a 1974, shi ya kawo ƙarshen zamanin rular lissafi cikin 'yan shekaru. A 2009 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta sanya ta cikin jerin abubuwan tarihi na fannin.

Yadda aka gina ta

Tsawon HP-35 ya kai kusan santimita 15, faɗinta kusan santimita 8, nauyinta kuma kusan giram 250. Jikinta roba ce mai tauri irin ta ABS. A ciki akwai allunan lantarki guda biyu, waɗanda masu gyara ke kira fanel: ɗaya yana ɗauke da aisi-aisin da ke yin lissafi, ɗayan kuma yana ɗauke da maɓallai da fuskar da lambobi ke fitowa. Fuskar tana da gurabe 15 na jajayen fitilun LED, inda lambobi goma suke fitowa tare da lambobi biyu na ƙarfin goma da alamominsu. Lambobin ƙanana ne sosai, shi ya sa aka ɗora wa kowace madubin ƙara girma mai kama da ƙwayar ruwa.

A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa. Idan aka danna sai ya lotsa ya taɓa fanel, ya yi 'yar ƙara, idan aka saki ya koma yadda yake. Rubutun da ke kan maɓallan lambobi an zuba shi ne cikin robar tun wajen ƙira, don haka ba ya gogewa. Wanda ke jikin farantin maɓallai kuwa bugawa aka yi, kuma yana iya fita idan aka goge shi da sinadari mai ƙarfi.

Wutar na'urar tana fitowa daga batura uku na nikel-kadmiyam masu girman AA, an haɗa su a cikin kwali ɗaya na roba. Kowanne yana ba da bolt 1.2, jimla kusan bolt 3.6. Wani ɗan sashe a kan fanel yana ɗaga wannan wuta zuwa matakan da aisi ke buƙata, ciki har da bolt 6 da bolt 12 na ɓangaren ragi. Cikakken caji yana kai na'urar awa uku zuwa biyar.

HP-35 ba ta da maɓallin daidai. Tana amfani da tsarin RPN, inda ake fara shigar da lambobi sannan a danna alamar lissafi. Don lissafin (3 + 4) × 5, ana danna 3, ENTER, 4, +, 5, ×, sai amsa ta fito 35. Wanda bai san wannan tsari ba yana iya ɗauka cewa na'urar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Abin da ke lalata ta

Babbar matsala ita ce yoyon batir. A cikin batirin nikel-kadmiyam akwai wani ruwa mai kaifi, fotashiyam haidiroksaid. Idan batirin ya shekara da shekaru a cikin na'ura, ruwan yakan tsiyayo ta bakinsa, ya haɗu da iska ya zama farin gari mai kama da gishiri. Wannan gari fotashiyam kabonet ne, sinadarin da ke cikin ruwan toka da ake yin sabulu da shi. Yana jawo laima, yana bin waya yana shiga ciki, yana cin jan ƙarfe yana mai da shi kore ko shuɗi. Da farko yakan ci ƙarafunan da ke taɓa batir, daga nan ya bi wayoyi zuwa makunni da fanel, inda yake yanke siraran hanyoyin wuta.

Sauran matsalolin sun haɗa da bushewar man da ke cikin makunni, da datti a ƙarƙashin maɓallai wanda ke sa lamba ta ƙi fitowa ko ta fito sau biyu, da tsinkewar wayar caja a kusa da kanta, da bushewar kafasito. Zafi da hasken rana suna sa roba ta yi rauni ta tsage, laima kuma tana sa jakar fata ta yi fumfuna. Mutuwar aisi ita ce mafi wuyar magancewa, amma ba ta kai sauran yawa ba.

Binciken farko

Masu gyara sun yi ittifaƙi a kan cewa ba a jona tsohuwar kalkuleta da wuta kafin a duba ta. Abu na farko shi ne a buɗe murfin batir a cire tsohon batirin, da safar hannu, domin farin garin yana ƙona fata kuma yana da haɗari ga ido. Kadmiyam guba ne, don haka ba a ƙona batirin, ba a kuma jefa shi inda yara ko dabbobi za su same shi.

Dalilin wannan taka-tsantsan ya fi fitowa fili a wasu samfuran. A HP-21 da HP-25, waɗanda suka fito a 1975, batirin ne ke daidaita ƙarfin wutar da ke fitowa daga caja. Idan batirin ya mutu ko ƙarafunansa sun yi tsatsa, aka kuma jona caja, wutar takan wuce ƙima ta ƙona aisi nan take. An yi asarar irin waɗannan na'urori da dama a ranar da magada suka fara gwada su. Cajar HP-35 tana da nata mai daidaita wuta, amma ita ma ana auna ta da mita kafin a jona, domin ta shekara hamsin. A jikin cajar akwai makunnin zaɓen wuta. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, a Najeriya da Nijar da Turai kuwa tsakanin 220 da 230 ce, saboda haka cajar da aka saita don Amurka za ta ƙone idan ba a juya makunnin ba.

Kafin a taɓa komai ana ɗaukar hoton na'urar gaba da baya, a rubuta lambar da ke jikinta. A tsarin Hewlett-Packard, idan aka tara lambobi biyu na farko da 1960 ana samun shekara, biyu na gaba mako ne, harafin da ke biye kuma ƙasa ce: A na nufin Amurka, S na nufin Singafo. Don haka 1143A na nuna mako na 43 na shekarar 1971. A wancan lokaci wannan kwanan wata yana nuna lokacin da aka tsayar da wannan zubin ƙira ne, don haka na'urori masu yawa suna ɗauke da farkon lamba iri ɗaya.

Buɗewa da tsabtacewa

Wasu daga cikin sukurorin HP-35 a ɓoye suke, a ƙarƙashin ƙafafun roba da kuma ƙarƙashin tambarin bayani da ke manne a bayanta. Tambarin siririn alminiyam ne, idan ya lanƙwashe ba ya komawa sumul. Akan ɗumama shi da na'urar busar da gashi har gam ɗin ya yi laushi, sannan a ɗaga gefensa a hankali. Masu tara tsofaffin kalkuleta suna duba wannan tambari don sanin ko an taɓa buɗe na'urar. Saboda haka idan matsalar ta tsaya a gidan batir, kuma ana iya magance ta daga waje, ba a buɗe jikin.

Idan buɗewa ta zama dole, ana kifa na'urar a kan tsumma mai laushi, domin maɓallan a sake suke kuma za su zube idan aka cire fanel tana fuskantar sama. Aisi-aisin zamanin suna mutuwa da wutar da ke taruwa a jikin mutum, musamman a lokacin hunturu da iska ta bushe, don haka mai gyara yakan ɗaura abin hannu mai sauke wannan wuta, ko ya riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa, kuma ya riƙe fanel ta gefe.

Tun da yoyon batirin ɗan uwan ruwan toka ne, abu mai tsami mara ƙarfi ke kashe kaifinsa. Ana amfani da farin ruwan khal ko ruwan lemon tsami a kan auduga mai tsinke. Wurin yakan yi kumfa, kuma ana ci gaba har kumfar ta tsaya. Daga nan a ɗauraye da tataccen ruwa mara gishiri, a bi da sifirit irin na aisofurofil, a bar shi ya bushe sarai na kwana ɗaya ko fiye. Barin tsamin a kan ƙarfe ba tare da ɗauraya ba yana jawo sabuwar tsatsa. Hanyoyin wuta na fanel ɗin HP an shafe su da zinare siriri, don haka ba a kankare su da samfefa ko wuƙa. Inda hanya ta yanke ana haɗa ta da siririyar waya da dalma. Wayar da ta yi baƙi a ciki ba ta kama dalma, sai dai a canza ta gaba ɗaya.

Jikin roba da maɓallai ana wanke su da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan da buroshin haƙori mai laushi. Ba a kusantar da fetur ko tina ko ruwan goge janfarce, domin suna narkar da ABS, suna kuma dusar da jan gilashin robar da ke kan fuska. Ko sifirit ma ba a goga shi a kan rubutun farantin maɓallai. Ƙarafunan da ke ƙarƙashin maɓallai ana tsabtace su ta hanyar zura 'yar takarda da aka jiƙa da sifirit a ja ta a hankali, ba tare da an lanƙwasa su ba. Makunni kuma a goge tsohon mansa a sa sabo kaɗan irin na kayan lantarki.

Batir da caja

Kwalin batirin asali ana iya tsaga shi a kan layin haɗinsa, a cire tsofaffin batura a sa sababbi uku, a mayar da shi. Da yawa suna zaɓar batirin nikel-metal haidiraid domin shi ma bolt 1.2 yake bayarwa kuma ba shi da kadmiyam. Sai dai cajar asali tana tura wuta kaɗan ne, kusan mili-amfa 50, wadda take cika batirin da a cikin awa 14. Batirin zamani mai ɗaukar mili-amfa 2000 zai buƙaci aƙalla awa 40 a wannan caja, shi ya sa wasu ke cajin baturan a waje. Batirin da ba a caji, irin na tocila, ba a taɓa barin sa a ciki a jona caja, domin yana iya fashewa ko ya yi yoyo.

A ramin da ake soka caja akwai wani ɗan ƙarfe mai tsalle wanda ke haɗa batir da na'ura idan an zare caja. Idan ya yi datti ko ya saki, kalkuletar takan yi aiki da caja amma ta ƙi aiki da batir. Goge shi kawai yakan magance matsalar da mutum zai ɗauka babba ce.

Gwaji

Idan aka kunna lafiyayyar HP-35, sifili da ɗigo ne ke fitowa a gefen hagu. Idan duk ɗige-ɗigen fuskar suka kama a lokaci guda, alama ce ta cewa batir ya yi ƙasa, haka aka tsara ta. Don gwada fitilu ana cika fuskar da lamba 8, a ƙara 88 ta maɓallin EEX, a sa alamar ragi da CHS, sai a ga ko akwai sandar da ba ta kamawa. Idan sanda ɗaya ta ɓace a dukkan lambobi, ana zargin aisin da ke tura wuta ga fuska ko hanyar da ta fito daga gare shi. Idan lamba guda ce ta mutu, matsalar tana wajen wannan gurbi. Bayan haka ana danna kowane maɓalli sau da yawa, a kuma gwada lissafin da aka san amsarsa, kamar sin na digiri 30 wanda yake 0.5.

Akwai wani gwaji na musamman. Na'urorin farko suna da kuskure a cikin umarnin da aka rubuta a aisinsu: idan aka shigar da 2.02, aka danna ln, sannan aka danna maɓallin da ke mayar da shi, amsar takan fito 2 maimakon 2.02. An riga an sayar da kusan guda 25,000 kafin a gano wannan. Kamfanin ya sanar da masu saye ya kuma yi tayin canza musu kyauta, amma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne suka mayar da nasu. A yau wannan kuskure shaida ce ta cewa aisin asali na nan, kuma mai gyara ba ya ƙoƙarin kawar da shi.

Gyara da kiyaye asali

An ƙera HP-35 a zubi huɗu da ake bambantawa da ido. Na farko yana da ɗan rami a gefen makunni inda jan ɗigo ke bayyana idan an kunna. Na biyu ba shi da ramin. Na uku an ƙara lamba 35 a tambarin gaba, domin na farkon sunan kamfani kawai suke ɗauke da shi. Na huɗu kuma an mayar da rubutun ayyuka kan maɓallan kansu. Saboda wannan bambanci, ɗauko murfi ko maɓalli daga wani zubi a sa wa wani yana ɓata tarihin na'urar, ko da ta yi kyau a ido.

An daina ƙera aisi-aisin HP-35 tuntuni. Idan ɗaya ya mutu, hanya biyu ce ta rage: a ciro daga wata matacciyar kalkuleta irinta, ko a sa sabon fanel na zamani wanda ke kwaikwayon aikin tsohon. Masu tarawa sun rabu a kan hanya ta biyu. Wasu na ganin na'urar da ke aiki ta fi wadda ke kwance, wasu kuma na ganin an bar kwanso ne kawai an fitar da abin da ya sa ta zama abin tarihi. Ƙa'idar da masu kula da kayan gidajen tarihi ke bi tana taimakawa a nan: a yi mafi ƙarancin abin da ya wajaba, a zaɓi gyaran da za a iya warwarewa, a adana duk abin da aka cire, a kuma rubuta abin da aka yi da ranar da aka yi shi.

Ga na'urar gado, wannan ƙa'ida ta shafi har abubuwan da ba na kamfani ba. Dala 395 kuɗi ne mai yawa a 1972, don haka masu saye da dama sun zana sunansu a bayan na'urar ko sun manna tambarin wurin aikinsu saboda tsoron ɓata. Irin wannan zane yana rage farashinta a kasuwar masu tarawa, amma ga iyali shi ne hujjar cewa ta wane ce. Haka ma shafewar da yatsa ya yi a gefen maɓallin da aka fi dannawa, da rubutun hannu a cikin littafin bayani, da rasiɗin saye idan yana nan. Datti da yoyon batir ana cire su domin suna ci gaba da ɓarna. Alamun amfani kuwa ba sa cutar da na'urar, kuma idan aka goge su ba sa dawowa.

Ajiya

Bayan gyara, ana cire batir duk lokacin da za a ajiye na'urar fiye da 'yan makonni, domin sabon batir ma yana yoyo idan ya tsufa. Ana ajiye ta a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da rana da ƙura. Ba a naɗe wayar caja a jikinta, saboda sinadarin da ke sa robar waya laushi yana narkar da ABS ya bar shaida a inda ya daɗe yana taɓawa. Jakar fata ana ajiye ta daban idan wurin yana da laima. Kunna na'urar lokaci-lokaci da danna maɓallanta yana taimakawa wajen gano matsala da wuri. Yana da amfani a haɗa ta da takarda mai ɗauke da sunan mai ita na farko, da aikin da ya yi da ita, da gyare-gyaren da aka yi mata, domin wanda zai gaje ta nan gaba ya san abin da ke hannunsa kafin ya jona ta da wuta.